Auna elektiron ɗin sararin Bauchi daga tauraron ɗan'adam

Aikin digirina na biyu a Fiziks na yi shi a Bauchi ba tare da eriya ko wata na'urar awo ba. Kwamfuta ce kawai da data, sai bayanan taurari shida na COSMIC-2 da Amurka da Taiwan suka harba a Yunin 2019, waɗanda UCAR, wata cibiyar binciken sararin sama ta Amurka, ke bayarwa kyauta.

Tauraron GPS yana can sama kimanin kilomita 20,200, na COSMIC-2 kuwa bai wuce 550 ba. Idan na GPS ya zo faɗuwa bayan duniya a ganin na COSMIC-2, siginarsa kan ratsa ayonosfiya, wato sashen sama mai cike da elektiron, a kwance, tana ƙara gangarowa. Biyu daga siginoninsa ake amfani da su, megahaz 1575.42 da 1227.60, kuma elektiron sun fi jinkirta ta biyun. Daga wannan tazara ake ƙirga elektiron ɗin da ke kan hanya, sannan wata dabarar lissafi da ake kira lissafin Abel ta ɓare su hawa-hawa kamar albasa.

A nan gizo ke saƙar. Lissafin Abel ya ɗauka kowane hawa yawan elektiron ɗinsa ɗaya ne ta ko'ina. Mu kuwa ikwatar maganaɗisu, wato layin da ya raba maganaɗisun duniya arewa da kudu, ta ratsa arewacin Najeriya, daf da mu. Da rana elektiron kan tashi sama a kanmu su zame arewa da kudu, su taru wajen digiri 15 kowane ɓangare. Siginar da ta keto waɗannan tarin biyu sai ta rikita lissafin: ƙasa da kilomita 200 wani awon ya kumbura, wani ya faɗi ƙasa da sifili. Da na nuna wa malamina, dariya ya yi: "To ɗan nan, ashe sama ma tana cin bashi?"

Tun daga nan, kafin na karɓi awo sai na duba inda siginar ta dosa, domin mai bin gabas da yamma ta fi mai bin arewa da kudu gaskiya. Awon da ake cewa na Bauchi ne ma, siginarsa ta keta ɗaruruwan kilomita. Ƙololuwar hawan F2, inda elektiron suka fi yawa, wajen kilomita 300 zuwa 400, ita na fi yarda da ita, na kuma gwada ta da awon ayonosonda, na'urar da ke auna ayonosfiya daga ƙasa, ta Jami'ar Ilori. Na bayan magariba kuwa, lokacin da sigina ke rawa, da yawa zubar da su na yi.