Daga Nima zuwa Jidda a jirgi mai bene

Sana'ata yankar wa mutane tikiti da nema musu biza, in lokacin Umra ya zo kuma in ɗauki ayari in raka su har Makka in dawo da su. Ƙaramin ofis gare mu a unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana, masu zuwa wurinmu kuwa yawanci mutanen zango ne, na Nima da Mamobi da Fadama da Madina, sai waɗanda ke tasowa daga Kumasi, daga Aboabo da Asawase, su kwana gidan dangi kafin ranar tafiya. Da wuya dattijo ya gama ƙirga kuɗinsa bai tambaye ni ba: "Ɗana, babban jirgi ne dai ko?" A wurinsu girman jirgi shi ne lafiyarsa. Ni ma ina son manyan jiragen nan har zuciyata, amma yawan tafiya da mutane ya nuna mini inda girman yake da rana da inda yake zama nauyi.

Ranar 2 ga Oktoba 2018 jirgin Airbus A380 na kamfanin Emirates ya sauka a filin jirgin Kotoka na Accra, don taya murnar buɗe sabon ginin fasinja na uku. Wanda ya tuƙo shi ɗan ƙasa ne, Kyaftin Solomon Quainoo, abin da ya ƙara wa ranar armashi ke nan. Ina cikin waɗanda suka tsaya kallo daga nesa. Jirgi ne mai bene tun daga kai har wutsiya, inji huɗu, daga bakin fiffike zuwa bakin ɗaya fiffiken kusan mita 80. A makon nan duk wanda ya shigo ofis cewa yake a sa shi a "mai benen nan". Sai na riƙa ba su haƙuri, domin zuwan na yini ɗaya ne. Washegari Boeing 777 da aka saba ya ci gaba da zirga-zirgarsa tsakanin Dubai da Accra da Abijan.

Mutane da dama sun ɗauka raini ne, wai an hana mu babban jirgi saboda mu 'yan Afirka ne. Ni ban ga raini a ciki ba, lissafi na gani. Ku dubi manyan bas ɗin Kumasi da ke lodi a tashar Circle a nan Accra: babbar bas tana da riba in ta cika, kuma direba yana da damar ya jira har kujerar ƙarshe ta samu mai ita. Jirgin sama ba shi da wannan damar. In lokacinsa ya yi sai ya tashi, ko da rabin kujerunsa iska ke kai, kuma injinan nan huɗu za su sha mansu, a biya matuƙa da ma'aikata sama da ashirin, a biya kuɗin sauka gwargwadon nauyinsa. A380 yana ɗaukar mutum kusan 500 a yadda aka fi tsara shi, Emirates ma tana da wanda ta jera wa kujera 615. Shi kuwa 777 kimanin 350 yake ɗauka. Ni da nake kallon yadda kujeru ke cika a kwamfuta na san watannin da Accra za ta iya cika babban, kamar Disamba da azumi, na kuma san watannin da ko ƙaramin sai an haɗa da fasinjan Abijan.

Inda muke haɗuwa da A380 a kai a kai shi ne Dubai. Daga Accra kusan awa takwas ne, har ma mu wuce Saudiyya ta sama sannan mu dawo baya, abin da ke ba tsofaffinmu mamaki in sun ga taswira a allon kujera. A can ne ake tara mutanen Accra da na Legas da na Karachi da Dhaka da Jakarta, a zuba su jirgi ɗaya zuwa Jidda. Don irin wannan wuri aka ƙera A380. Filin Dubai titin jirgi biyu gare shi, haka ma Heathrow na Landan, kuma in ba ka da damar ƙara yawan tashi da sauka, abin da ya rage shi ne kowane tashi ya kwashi mutane da yawa. Har gini na musamman aka yi masa a Dubai a 2013, mai ƙofofin da ke shigar da mutane benen sama da na ƙasa lokaci guda.

A sama kam babu abin da zan kushe. Ƙarar inji kaɗan ce, har kana jin hirar na bayanka. Gargadar iska ba ta jijjiga shi kamar yadda take yi wa ƙananan jirage, akwai kuma sararin da mai ciwon ƙafa zai miƙe ya ɗan taka. Wani dattijo da bai taɓa hawa jirgi ba ya riƙe hannuna a bakin ƙofa, ya leƙa ya ga layin kujeru goma-goma har inda ido ya ƙare, ya ce, "Malam, in wani abu ya faru, yaushe duk wannan jama'a za ta fita?" Na ce masa, "Baba, an gwada. Kafin a ba shi izinin ɗaukar mutane, a 2006 a birnin Hamburg na Jamus, an cika shi da mutum 873, aka toshe rabin ƙofofinsa, cikin duhu, suka fice a daƙiƙa 78. Doka daƙiƙa 90 ta ba su." Ya yi shiru, ya ce Allah ya kiyaye, ya shiga. Tun kafin a kawo abinci barci ya ɗauke shi.

Wahalar babban jirgi a ƙasa take, kuma mai raka ayari shi ya fi kowa saninta. Shigar da mutum 500 yana cin lokaci, saboda haka ana fara kira da wuri, kuma tsakanin inda muka sauka da ƙofar da za mu shiga akwai tafiya mai nisa, wani lokaci har da ɗan jirgin ƙasa. Saurayi ba zai ji ba. Hajiya mai shekara saba'in da ciwon gwiwa za ta ji. Shi ya sa ba na karɓar tikitin da ya ba mu ƙasa da awa uku a tsakani, ko da ya fi araha, kuma tun ranar yankan tikiti nake rubuta wa duk mai rauni keken turawa. Wasu iyayenmu mata suna ƙi, suna ganin kamar an mai da su nakasassu. Nakan ce, "Hajiya, ki adana ƙafar nan, Safa da Marwa na jiran ta." Da haka suke yarda.

Sai zancen kujeru. In ba ka nemi a jera mutanenka wuri ɗaya tun da wuri ba, za a watsa su, wani a gaba wani can wutsiya, tsakaninsu tafiya ce. Yawancin mutanena Hausa suke ji, wasu da Dagbani ko Twi, Turancinsu kaɗan ne, Larabcinsu na karatu ne. Wadda ke buƙatar ruwa don shan maganin hawan jini ba za ta danna ƙararrawa ba, za ta yi ta haƙuri ne har a sauka. Dole in kasance inda za ta ɗaga hannu in gani.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne harami. Mai zuwa Umra ta Jidda ba ya wuce mikati sai da harami, jirgi kuwa ba ya tsayawa. Akan yi sanarwa in an kusa, amma ku ƙaddara maza ɗari biyu ko uku sun miƙe lokaci guda kowa yana neman banɗakin da zai canza kaya. Layi zai kai har tsakiyar jirgi, mikati ya wuce wasu suna tsaye da mayafi a hannu. Don haka mutanena tun a filin Dubai suke yin alwala su ɗaura, kafin mu shiga, in an yi sanarwa niyya da talbiyya kawai suka rage. Nakan kuma gargaɗe su kada su saka mayafan harami a babban akwati, domin wannan ba za su sake ganinsa ba sai Jidda. Lokacin da talbiyya ta tashi a jirgin nan, daga bakin Bahaushe da mutumin Indonesiya da na Pakistan, gaba da baya, tsigar jikina takan tashi kowace tafiya.

In an sauka ma haka. Jama'ar jirgi ɗaya ta isa ta cika zauren duba fasfo, kuma akwatuna kusan dubu ne za su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Tun daga Nima nake raba wa kowa ƙyalle launi ɗaya ya ɗaura a hannun akwati, in sa samari biyu su tsaya suna janyewa, tsofaffi su zauna. A dawowa kaya sun ninka, ga dabino, ga sallaya, ga jallabiyoyin tsaraba, ga jarkar zamzam ta lita biyar. Girman jirgi ba ya ƙara wa mutum ko kilo ɗaya a kan abin da tikitinsa ya ba shi, wannan sai na yi ta maimaitawa a bakin sikeli.

Wurin da manyan jirage suka yi mana aikin da babu mai musunsa shi ne Hajji. Kakanninmu ta ƙasa suke tafiya, su ratsa Arewacin Najeriya da Chadi da Sudan, suna tsayawa suna noma ko ƙwadago don guzuri, har su kai bakin Bahar Maliya. Wasu shekaru suke yi, wasu a hanya suka kafa gida ba su dawo ba. Jirgin sama ya mai da wannan tafiyar ta 'yan awoyi, amma sai da manya suka zo kujera ta sauko inda mai sayar da goro ko mai waake za ta tara kuɗinta. Boeing 747 ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 1970 da kamfanin Pan Am, tsakanin New York da Landan, yana kwasar fiye da ninki biyu na abin da jiragen lokacin ke ɗauka. Daga baya tsofaffinsa suka zama dokin jigilar alhazai a Afirka ta Yamma, kamar yadda Kabo Air da Max Air suka yi ta aiki da su a Najeriya. Hajji shi ne lokacin da matsalar cika kujera ba ta tasowa: dubban mutane ne, wuri ɗaya za su, cikin 'yan kwanaki. Tun 2016 ma alhazan Arewacin Ghana daga Tamale suke tashi kai tsaye, ba sai sun sha doguwar hanya zuwa Accra ba.

Sai dai a nan ma na ga ɗaya fuskar. Wata shekara ina taimaka wa maniyyata a sansani, babban jirgin da wani kamfani ya kawo shata ya samu matsala. Jama'ar sawu guda, ɗaruruwa, sun riga sun yi sallama da gida, suka kwana suna jira, na sawu na biyu suka iso suka tarar da su, wurin kwana da banɗaki suka yi kaɗan. Ba a samun wani jirgi mai wannan girma a ajiye kusa da za a ce ya zo ya maye gurbi, kuma kayan gyaransa daga nesa ake kawowa. Da ƙananan jirage biyu ne, da rabin mutanen sun tafi. Na ga tsofaffi zaune kan akwatunansu suna jan carbi, ba mai ƙorafi da ƙarfi, abin ya tsaya mini a rai.

Yanzu zamanin masu inji huɗu yana ƙarewa. A da doka ba ta barin jirgi mai inji biyu ya yi nisa sosai da filin da zai iya sauka in inji ɗaya ya mutu, saboda haka ƙetare teku sai mai uku ko huɗu, irin DC-10 da Ghana Airways ta yi aiki da shi. Da injina suka ƙara aminci aka sassauta dokar tun daga 1985, sai 777 ya zo a 1995, 787 a 2011, A350 a 2015, duk inji biyu, suna kai nisan da manyan ke kaiwa da mai kaɗan. Airbus ta daina ƙera A380 a 2021 bayan ta sayar da 251 kacal, 123 daga ciki na Emirates ne. Boeing ta miƙa 747 na ƙarshe a Janairun 2023, shi ma na ɗaukar kaya, bayan ta ƙera 1,574. Mu nan mun gani da idonmu: 747 na British Airways da muka saba gani yana zuwa daga Landan ya tafi a 2020 lokacin korona, a shekarar ce kuma Air France ta ajiye A380 da take kaiwa Abijan. Babban da Boeing ke shiryawa yanzu, 777X, inji biyu ne, har an yi masa bakin fiffike mai naɗewa don ya shiga ƙofofin da 777 ke shiga ba sai an rushe gini ba.

Ina jin zafin tafiyarsu, domin babu jirgin da tsofaffina suke sauka daga cikinsa da sauran ƙarfi kamar mai benen nan, kuma muddin yana zuwa Jidda zan ci gaba da sa ayarina a ciki in lokaci da farashi sun daidaita. Amma in aka tambaye ni abin da mutanenmu suka fi buƙata, ba A380 a Accra zan ce ba. Rabin ayarina daga Kumasi suke, kuma kafin su ga ƙofar jirgi sun sha awa biyar ko shida a mota, sun kwana a tabarmar dangi. An buɗe sabon ginin filin jirgin Prempeh na Ɗaya a Kumasi a 2024. Matsakaicin jirgi mai inji biyu da zai riƙa tashi daga can zuwa Jidda ko Madina, ko da a watan azumi da lokacin Hajji ne kawai, zai rage wa Hajiyar Aboabo kwana guda cur na wahala a tafiya, da wani kwanan a dawowa.