Shekara shida ina kaɗa jita a gidajen biki, ga abin da na tafi da shi

Asabar ɗin da ta wuce na yi wasana na ƙarshe da ƙungiyarmu, na naɗe wayoyina na yi sallama da yara. Tun daga ranar ƙannena a harkar ke ta tambayata wace jita za su saya, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani, domin ni sai da na ƙone hannu kafin na gane.

A shekarata ta biyu na kwashi adashin wata goma cur, burina kawai in riƙe jitar lantarki Fender Stratocaster. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan Agadas suna kaɗa ta ya san abin da nake nufi, sautin nan siriri mai kaifi da ke ratsa ganguna ya fito fes. Leo Fender ya fito da ita a 1954 a Kalifoniya, kuma har yau fasalinta bai wani canza ba, fikof uku, wato maganaɗisun nan da aka naɗe da siririyar waya a ƙarƙashin tsirkiya, da wuya da ake ɗaurewa da kusoshi huɗu. Oganmu da kansa ya ce ya san wani mai kayan gwanjo da ya shigo da guda ɗaya 'yar Amurka, shi ya ɗauke ni a mashin ɗinsa ya kai ni. Shagon babu wuta ranar. Na ce Oga ko mu bari sai an kawo wuta in jona ta in ji, ya ce kai yaro ne, irin wannan ba ta kwana, kafin gobe wani ya ɗauke. Na kalli sunan da ke kan jitar, na shafa fentin, na ƙirga kuɗi na miƙa. Ko minti goma ban yi da ita a hannu ba.

A gida da ɗan ƙaramin amfilifayana na ji tana ɗan gurnani amma na ce ai duk Stratocaster haka take, kuma da gaskiyata ta wani ɓangaren, fikof mai naɗi ɗaya yana kwaso ƙugin wutar lantarki, saboda wannan matsalar ce ma Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson mai naɗi biyu wanda suka sa wa jitarsu Les Paul a 1957. Abin da ban sani ba shi ne nawa ƙugin ya wuce na ƙa'ida nesa ba kusa ba.

Sai ranar wata dina, zaure cike, janareta na aiki, fitilun ado ko'ina. Amarya da ango sun taso za su shigo, aka ba ni alama in buɗe da jita ni kaɗai. Ina ƙara ƙarar jitar sai wani irin ƙugi ya cika sifiku kamar an kunna injin niƙa, na dafa tsirkiya da tafin hannu bai ragu ba, na mayar da makunnin zaɓen fikof matsayi na biyu, na kai na huɗu, inda a jita ta kirki ƙugin ke mutuwa saboda fikof na tsakiya an naɗe shi a juye, wallahi ko gezau. Mata suka fara toshe kunne. Oga ya kashe layina, kuma bai tsaya nan ba, ya ɗauki makirfo a gaban mutane ya ce a yi haƙuri yaron sabon shiga ne bai iya ba. Shekarata biyu ina bin sa a lokacin. Daren nan ko sisi ba a ba ni ba a kuɗin liƙi, sannan wata uku ina ɗaukar sifiku da jan waya, wani ke kaɗawa a wurina.

Wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya na kai wa ita. Ya kwance kusoshin nan huɗu ya zare wuyan, ya juya gindinsa ya nuna min, ya ce ɗana ina tambarin kwanan wata, na kamfani ai suna bugawa a nan. Babu komai, fari fat. Ya sa farce a ramin da wuyan ke zama, sai ga fallayen katako an manna su da gam kamar na silin. Ya ɗaga farantin gaba, wayar da ya kamata ta tashi daga gadar tsirkiya ta je ƙasa ma sam ba a sa ta ba, shi ya sa dafawata ba ta yi amfani ba. Sunan kuwa sitika ce aka shafe da fenti. Na ce Baba yanzu ya zan yi, ya ce ka bar ta nan kwana biyu. Ya ja waya ya liƙe da dalma, ya shimfiɗa takardar tagulla a cikin ramukan, ƙugin ya ragu sosai, kuma abin da ya karɓa bai kai kuɗin tsirkiya saiti biyu ba.

Daga baya a bakin yaron shagon na ji cewa Oga ya karɓi la'ada a cinikin. Ban taɓa yi masa maganar ba, shi ma bai taɓa cewa komai ba, mun ƙara shekara huɗu tare ina gaishe shi da ladabi kullum. Laifina na ɗauka, ni na biya kuɗi ban saurara ba. Amma maganar makirfon nan har yau tana nan a raina.

Jitar da na yi sauran shekarun da ita Squier ce ta hannu, ƙaramin layin Fender mai sauƙin kuɗi, na zauna awa biyu a shago da amfilifayana ina bin ƙarafunan da ke gicce a wuyan ɗaya bayan ɗaya kafin na biya. Da ita aka riƙa kirana sitidiyo, da ita mutanen da suka toshe kunne a wancan zauren suka yi min liƙi a wani bikin. Mdou Moctar, fitaccen makaɗin jita ɗan Nijar, shi ma ai da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Sauran a taƙaice. Kar ka sayi jitar lantarki ba ka jona ta ba, ko wa ya kai ka. In hannunka ƙarami ne gwada Les Paul ko Epiphone, ƙaramin layin Gibson, tsawon tsirkiyarsu inci 24.75 ne, na Fender 25.5, sai dai Les Paul na da nauyi, awa huɗu a tsaye kafaɗa za ta gaya maka. Da hunturu katakon wuya na bushewa ƙarafunan su fara yankar yatsa, ajiye ta a jakarta, kuma sandar ƙarfen cikin wuya kwatan zagaye ake juya ta a lokaci guda, ba a yi mata ƙarfi. Amfilifaya ɗan Amurka na wuta 120 ne, tamu 230, nemi taransifoma tukuna.

Tsohuwar jitar na bar wa yaron da zai gaje ni, na gaya masa jabu ce tun kafin ya taɓa ta, na kuma nuna masa shagon Baba.