Ɗayan idon fa?

Laraba da dare. Maganar ɗakin tiyata ta safe ta ƙi barin raina.

Tsoho ne mai sankarar fata a fatar idonsa ta ƙasa, irin ta basal, wadda ta fi kowace yawa a wurin. An cire, ɗakin gwaji ya tabbatar babu saura a gefuna, giɓin da ya rage ya wuce rabin fatar. Ƙaramin likitanmu ko numfashi bai ja ba ya ce, "Ranka ya daɗe, Hughes za a yi." Oga ya ce, "Ɗayan idon fa?" Tsit. Ashe ɗayan ba ya gani.

A takarda yaron na da gaskiya. Giɓin da bai kai kashi ɗaya bisa uku ba, haɗa bakinsa ake yi a ɗinke, in ya yi tsauri a saki jijiyar kusurwar waje. Zuwa rabi, a jawo fata daga gefe da yankan rabin da'ira na Tenzel. In ya wuce nan, sai dabarar Hughes ta 1937: a juya fatar saman idon, a bar milimita 4 na tasus, wato tsirin nan mai tauri, a bakinta don kada ta lanƙwashe, a sauko da sauran haɗe da tantanin da ke ba shi jini, a ɗinka a giɓin, a lulluɓe da fatar bayan kunne. Sai dai idon zai zauna a rufe makonni kafin a raba fatar sama da ta ƙasa. Mai ido ɗaya, ka makantar da shi ke nan tsawon lokacin.

Shi ya sa Oga ya juya lissafin. Fatar ido hawa biyu ce, kuma dole hawa ɗaya ya zo da jininsa, don dashe a kan dashe mutuwa yake yi. Aka yanko tasus daga fatar saman idon da ba ya gani, ya zama hawan ciki, aka rufe shi da fata da tsokar kunci masu jininsu. Ja kuwa ta gefe ake yi, ba ƙasa ba, in ba haka ba tabo zai janye fatar ta juye waje, hawaye su yi ta zuba. Zaren ɗinkin siriri ne, mai lamba 6-0, kuma kada ya huda ta ciki ya karce baƙin ido.

Abin da ya tsaya mini a rai, yaron ya auna giɓin har milimita, bai tambayi ganin mutumin ba. Kuma yana da ƙoƙari fa.

Gobe za a buɗe bandeji, a duba launin fatar da ko bakinta ya rungumi ƙwayar ido.