Takardar da na manna a ƙofar ofis

Shekara bakwai na yi a Birmingham ina taimaka wa wata ƙaramar ikilisiya, kafin a kira ni gida a ba ni majami'a a wani gari kusa da Kafanchan. Kafin na taso, fargabata ita ce ko Hausata ta yi rauni a wa'azi, sai matsalar wuta da makarantar yara. Duk waɗannan sun zo da sauƙi. Abin da ya kayar da ni takarda ce guda, wadda ni da hannuna na buga.

A Ingila ba ka faɗa wa mutum gida haka kawai. Sai ka kira, ku sa rana da lokaci, ko da maras lafiya za ka duba. Na saba da haka har na ɗauka shi ne girmama mutane. Da na ga tun asuba ana sallama a gidan fasto, wannan kuɗin makaranta, wancan rigimar iyakar gona, sai na rubuta na manna: ganin fasto Talata da Alhamis, ƙarfe 10 zuwa 2, Litinin hutu. Dattawan ikilisiya suka karanta, ba wanda ya ce uffan. Na zaci sun yarda. Ashe kara suke yi wa baƙo.

Wata Litinin, lokacin haƙar citta, wata tsohuwa daga cikin matan zumunta ta tako tun daga unguwarsu, tafiyar kusan awa guda. Mijinta na kwance, yana so fasto ya zo ya yi masa addu'a. Ba ta iya karatu ba. Yaron da ke share harabar majami'a ne ya karanta mata takardar, ya ce ta dawo gobe. Ina cikin gida a lokacin, ina shan shayi, ko taku ashirin babu tsakaninmu. A daren mijin ya rasu.

Ni na yi jana'izar, na yi wa'azi a kan tashin matattu, ban san komai ba. Sai bayan mako biyu, da na lura matan zumunta sun ɗauke ƙafa daga gidanmu, wani dattijo ya zaunar da ni a gindin mangwaro ya ba ni labari. Ya ce, "Rabaran, ba mu hana ka hutu ba. Amma da ka tambaye mu, da mun gaya maka su wa ke kwance." Maganar nan ta fi zagi ciwo, domin wata huɗu ina garin, na gyara tsarin sujada, na gyara littafin baiko, amma ban taɓa yin wannan tambayar ba.

Da yamma na je gidanta na durƙusa na ce, "Mama, na yi laifi." Ta ce, "Tashi ɗana, ba kai ka ɗauke shi ba." Ta kawo mini kunu. Ina cikin sha ta ƙara da cewa har dare mijinta ya yi ta tambaya ko na iso.

Ɗan'uwa mai shirin dawowa, ina roƙonka, wata shida na farko kada ka canza komai. Kama dattijo ɗaya ku bi gida-gida a ƙafa, ka san sunaye, ka san inda ake jinya. In ka kawo shawara suka yi shiru, bi su ɗaya-ɗaya ka ji abin da ke ransu. Har yanzu ina hutawa ranar Litinin, amma dattawa biyu ne ke tarbar masu zuwa, kuma sun san abin da zai jira Talata da abin da dole a buga mini ƙofa.

Takardar kam, a daren na yage ta. Mama tana zama a benci na biyu, ɓangaren mata, kuma duk Lahadi in na hau bagade idona a kanta yake fara sauka.