Yadda na koma sujada bayan na rasa cikina

Shekaru muka yi da maigidana ba haihuwa, kowa a ikilisiyarmu ya sani. Da Allah ya kawo cikin, sai da ya fito sosai kafin na tashi ranar Lahadi na ba da shaida. Muka kai baikon godiya da rawa, 'yan zumuntar mata na bayana suna guɗa. Yana wata bakwai ƙafafuna suka kumbura, kai ya riƙa sara, idona na gani dishi-dishi. Likita ya ce hawan jinin masu ciki ne. Ni aka ceto ni, yaron bai zo da rai ba.

Zafin rashin daban ne. Abin da ya kusa raba ni da coci shi ne bakin masu zuwa gaisuwa. "Sai haƙuri" ba laifi, da ita muke gaisar da juna. Amma wata ta zauna a bakin gadona ta buɗe mini Romawa 8:28, ayar da ke cewa kome yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah, alhali nono na zuba a rigata babu mai sha. Wata ta ce in binciki kaina, ƙila akwai zunubin da ban furta ba. Wata kuma ta kawo lambar wani "annabi" mai sayar da man shafewa, wai in shuka iri, wato in ba shi kuɗi. Ayar nan ta Romawa gaskiya ce, ban musa ba. Amma ranar nan ji na yi kamar an zuba mini barkono a miki, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na daina zuwa sujada. In na durƙusa, bakin ya ƙi buɗuwa. Ta yaya zan shiga wurin da na yi rawa jiya-jiya?

Akwai wata tsohuwa a zumunta da muke kira Mama, ita ma ta binne 'ya'ya. Takan zo da kunun gyaɗa, ta share tsakar gida, ta zauna tana tsince mini shinkafa, ba wa'azi ko ɗaya. Ran nan dai ta ce, "'Yata, in fushi kike da Ubangiji, faɗa masa. Ba a kanki ya fara ji ba. Karanta Zabura 88."

Na karanta ina jiran inda marubucin zai juya ya yi yabo, kamar yadda Zabura 13 ta yi. Bai juya ba. Da duhu ya rufe maganarsa, kuma aka bar ta haka a cikin Littafi Mai Tsarki! Ni da na tashi a makarantar Lahadi ban taɓa jin an yi wa'azi a kanta ba. Ita ta zama addu'ata har bakina ya saki. Daga nan na lura abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna da shi shiru, sai da suka buɗe baki suka ɓata, har Allah ya tsauta musu a sura 42. Hannatu ma tana kuka a Shilo, Eli firist ya ɗauka ta bugu ne. Ashe masu gaisuwata suna da magabata.

Da na koma, a bencin baya nake zama, in fice kafin a tashi. Ranar miƙa jarirai kuwa gida nake zama, har yanzu wani lokaci haka nake yi. Murnar ta dawo ne ba shiri. Ana koyon waƙar bikin jikar Mama, mai buga tulu ba ta zo ba, aka dangwara mini shi a cinya. Hannuna ya manta kiɗan, na yi ta kwaɓawa, muka yi dariya har da hawaye. A daren maigidana ya ce rabonsa da jin dariyata ya manta, sai ga shi yana kuka. Shi ba wanda ya zauna da shi, "kai namiji ne" kawai aka ce masa.

Har yanzu ba mu da ɗa. Ina zuwa asibiti ana duba jinina, kuma duk mai cikin da na gani da kumburi da ciwon kai, sai na matsa mata ta je a auna ta ranar nan, addu'a a yi a hanya. Masu tambayata yaushe za a sha suna kuwa, ce musu nake in ya zo su zan fara aika wa, su zo da itace da tukunya.