MAC daban, amma adireshin IP ɗaya

Na kwafi sabar Ubuntu (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta hanyar sadarwa) a VirtualBox, manhajar da ke gudanar da kwamfuta a cikin kwamfuta, na kuma zaɓi a ba kwafin sabon adireshin MAC, wato lambar shaidar katin sadarwa, kamar yadda aka saba. Ta tashi lafiya, ta hau intanet. Sai da na kunna ta asalin tare da ita rigima ta ɓalle. Ina cikin aiki ta SSH, hanyar shiga saba daga nesa, sai haɗin ya katse, in sake shiga in ga fayilolin da na ajiye yanzun nan babu su. Ashe cikin ɗayar sabar na faɗa. SSH ko tari bai yi ba, tunda makullan da yake gane saba da su ma an kwafe su tare.

Wanda ya sha wuyar CentOS 6, wani tsohon nau'in Linux, hankalinsa zai tafi kan 70-persistent-net.rules, fayil ɗin da ke riƙe tsohon MAC a matsayin eth0, ya tura sabon kati zuwa eth1. A nan babu shi ma. Katin yana nan da sunansa, enp0s3. Na buga `ip a` a kowacce: MAC daban, IP ɗaya. Na sake canja MAC, sabar DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshin IP, ta sake miƙo adireshin nan dai.

Abin da ya ci min lokaci, kuma har yanzu yake ba ni haushi, shi ne /etc/machine-id. Tun daga Ubuntu 17.10, saba tana aiki da netplan da systemd-networkd wajen saita hanyar sadarwa, shi kuma systemd-networkd idan zai nemi adireshi ba da MAC yake gabatar da kansa ba, da lambar da ya ciro daga wannan fayil ne. Kwafi kuwa da fayil ɗin yake tahowa. Ko sau nawa ka canja MAC, a wurin DHCP kwamfuta ɗaya ce ke dawowa.

Gyaran bai kai minti biyu ba: `truncate -s 0 /etc/machine-id`, sannan a sake kunnawa, sabuwar lamba ta samu. Kwashe abin da ke ciki za a yi, ba goge fayil ɗin ba. A leƙa /var/lib/dbus/machine-id ma, don in tsohuwar lambar na kwance a can, daga can za ta dawo. Akwai masu sa `dhcp-identifier: mac` a netplan. Yana aiki, amma ya bar kwamfutoci biyu da shaida ɗaya, ni ban so haka ba.

Yanzu kafin in kashe wadda zan riƙa kwafa, sai na kwashe machine-id tukuna. Makullan SSH kuma, `rm /etc/ssh/ssh_host_*` sannan `dpkg-reconfigure openssh-server` a kowane sabon kwafi.