Abin da Wankin Sarƙar Agogo Ya Koya Mini

A watannin farko da na yi ina koyon gyaran agogo, na ɗauka baƙin dattin da ke maƙalewa tsakanin gaɓoɓin sarƙar ƙarfe ƙyamar ido ce kawai, sai ranar da maigidana ya miƙo mini wata tsohuwar sarƙa, ya ce in riƙe ta ta gefe in ga yadda take saɓulewa ƙasa. Mutane kan ce ƙarfen ne ya miƙe, alhali gumi da ƙura da matacciyar fata ne suka cakuɗe suka zama kamar yashi, suna ta cin ƙananan fil ɗin da ke haɗa gaɓoɓin a duk lokacin da hannu ya motsa. Tun daga ranar na daina ɗaukar wankin sarƙa a matsayin kwalliya.

Wanki na gaske ba ya yiwuwa sai an raba sarƙar da kan agogon, domin robobin da ke tare ruwa suna tsufa, ko da an rubuta cewa agogon ba ya shan ruwa. Abin da ke riƙe da sarƙar wani siririn fil ne mai sifirin a ciki, wanda ake dannawa da tsinken ƙarfe mai baki biyu. A gwajina na farko na yi gaggawa, tsinken ya zame ya karce kunnen agogon, wato ƙarfen da ya fito inda fil ɗin ke shiga, fil ɗin kuma ya yi tsalle, har yau ban gan shi ba. Karcen ya fi ɓatan fil ɗin ciwo a raina, tunda fil ana samun madadinsa idan an san tsawonsa, galibi milimita 18 ko 20 ko 22. Yanzu nakan kifa agogon a kan ƙyalle mai laushi, in manna salatef a kunnuwansa, in danna daga baya, yatsana yana tokare da fil ɗin.

Wankin kansa ba shi da wuya: ruwa mai ɗumi-ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke, jiƙo na kamar minti 15, sannan burushin haƙori mai taushi, ana lanƙwasa kowace gaɓa domin gashinsa ya shiga lungu. Ƙasan maɓalli ya fi ko'ina tara dauɗa, kuma tsinken sakace ne ke fito da ita. Ba na kusantar bilic, saboda kulorin yana huda ƙarfe mara tsatsa nau'in 316L da ake ƙera yawancin sarƙoƙin da shi, man goge baki kuwa yana dusashe sheƙi, yana cinye rufin zinare.

Bushewa ce na fi daɗewa ban ba ta haƙƙinta ba. Ruwa yana ɓuya a cikin gaɓoɓi bayan fuskar ta bushe, don haka nakan ɗauraye, in tsane da tawul, in bar sarƙar ta kwana a shimfiɗe. Idan na mayar da ita, sai na ji ƙarar shigar fil ɗin a raminsa, na kuma ja kowane ɓangare da ɗan ƙarfi, kafin in yarda agogon ya hau hannu.